Ƙwaƙwalwar yaro ba ta da rumbu

Duk wanda ya taɓa koyarwa a Jos cikin watan Janairu ya san yadda aji yake da safe. Iskar hunturu na kwararowa ta tagar da ba ta da murfi, yara sun cusa hannuwa cikin hammata, leɓɓa duk sun tsage, wasu da rigar sanyi ta gwanjo wadda ta kai musu har gwiwa, wasu kuwa daga su sai yunifom. Aji uku nake riƙe da shi a wata firamare ta gwamnati a Jos ta Arewa. A irin wannan safiyar, wajen ƙarfe goma, muna tsakiyar lissafin rabawa, wata yarinya da ke zama a benci na biyu ta kifa kanta a kan littafi. Yarinya ce da kafin in gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu. Na matsa na taɓa goshinta, babu zazzaɓi.

"Lafiya kuwa? Me ke damun ki?"

"Ba komai, Malama."

"Kin karya?"

Ta yi shiru tana kallon ƙasa. Ƙawarta ce ta amsa mata: "Malama, rabonta da abinci tun tuwon jiya da la'asar."

Na aika aka sayo mata koko da ƙosai, ta sha a bayan aji, ba a jima ba na ga idonta ya dawo. Da aka tashi na raka ta gida. Mahaifiyarta, wadda ke suyar awara a ƙofar gida da yamma, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta shimfiɗa mini tabarma. Na ce mata, "Maman yara, don Allah kar a bar ta ta riƙa fitowa haka. Ƙwaƙwalwa sukari take ci, in babu shi karatu ba ya shiga." Ta ce, "Insha Allahu, Malama, za a gyara."

Washegari yarinyar ta zo da biskit mai kirim da ƙaramar robar lemo. Uwar ta ji maganata, ta matsa daga jarin awararta ta saya wa 'yarta abin da ta fahimci na ce. Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin laifin nawa ne: rabin magana na faɗa mata, kuma rabin nan shi ne ke yawo a bakin mutane, daga ɗakin jarrabawa inda ake tusa wa yara alawa har teburin mai shayi inda za ka ji mutum ya ce a ƙara masa sukari don kansa ya buɗe. Shi ya sa na zauna na nemo ragowar rabin. Na ɗan karanta ilmin halittu a kwaleji, amma wanda ya warware mini zaren shi ne ɗan wana da ke karatun likita. Ya ɗauki takarda ya zana mini, ya ce, "Gwaggo, kin san gayya?"

Na san gayya, a ƙauye na tashi. Maza na duƙe a gona tun hantsi, ba mai ajiye garma ya koma gida neman abinci. Mata ne ke girki, su ɗauko a ka, su bi kunya-kunya su kai wa kowa inda yake. To, ashe haka cikin kanmu yake.

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa idan mutum na hutawa. Abincinta na yau da kullum shi ne gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, kimanin giram 120 a rana. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kamar yadda wata masaniya 'yar Barazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙirga a 2009. Su ne manoman gayyar, su ke aika saƙo da karɓar saƙo. Amma akwai wasu ƙwayoyin, yawansu ya kusa kai na farkon, waɗanda ba sa aika irin wannan saƙo. A 1856 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya raɗa musu suna giliya, kalmar da ke nufin ƙaro ko gam, don ya ɗauka aikinsu kawai su manne sauran su riƙe su. Shekara da shekaru aka yi ana raina su. Cikinsu akwai masu siffar tauraro, masu rassa ta ko'ina, waɗanda ake kira astarosayit. Ni dai ƙwayoyin tauraro zan ce. Wani masani ɗan Italiya, Camillo Golgi, tun a ƙarni na 19 ya lura cewa rassan nan nasu wasu na manne da ƙananan hanyoyin jini, ya yi zaton ta nan abinci ke bi ya isa ga ƙwayoyin jijiya. Sai bayan kusan shekara 100 aka fara gane yadda abin yake.

Jini ba ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa yadda ya ga dama. Bangon ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta a rufe yake ruf, don kada kowace irin guba ta samu shiga. Sukari sai ya bi ta wasu ƙofofi na musamman da ake kira GLUT1. A bayan bangon kuma, tafukan rassan ƙwayoyin tauraro sun lulluɓe hanyar jinin kusan gaba ɗaya, su ma da irin wannan ƙofa a jikinsu. Wani reshen nasu kuma yana can ya rungumi mahaɗar da ƙwayoyin jijiya biyu ke magana da juna. Ƙafa ɗaya a madafa, ƙafa ɗaya a gona.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke sanin lokacin da za su ƙara girki. Idan ƙwayar jijiya za ta isar da saƙo ga 'yar'uwarta, takan fesa wani sinadari, gulutamet, a ɗan tsakanin da ke raba su. Wannan sinadari dole a kwashe shi nan take, in ba haka ba saƙo ya cakuɗe, kuma in ya taru yana illata ƙwayoyin. Ƙwayar tauraro ce ke kwashe shi. Amma duk lokacin da ta zuƙo shi, yana shigowa ne tare da sodiyam, irin sinadarin da ke cikin gishiri, ita kuma sai ta kashe ƙarfi wajen fitar da sodiyam ɗin. Kashe ƙarfin nan shi ke sa ta ƙara jawo sukari daga jini. Kamar matar da ke kwashe kwanuka ce a wurin biki: daga yawan kwanukan da ke dawowa fanko take gane cewa a ƙara wuta, a ƙara tuƙa tuwo. Inda aka fi aiki a ƙwaƙwalwa, nan aka fi jawo sukari, nan kuma jini ya fi kwarara.

A 1994 wasu masana biyu a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, Luc Pellerin da Pierre Magistretti, suka kawo bayanin da ya ƙara wani abu a kan wannan. Suka ce ƙwayar tauraro ba ɗanyen sukari take miƙawa ba, sai ta fasa shi ya zama laktet, abin nan da muka saba jin sunansa wajen 'yan ƙwallo idan tsoka ta yi aiki mai tsanani, sannan ta tura wa ƙwayar jijiya ta ƙona. Wato dafaffe take kai musu. Ba kowa ya yarda da su ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa idan aka motsa ƙwayoyin jijiya, su ma suna fasa sukari da kansu, kuma dama suna da tasu ƙofar, GLUT3, mai saurin cafke shi. Har yau masana na ja-in-ja kan nawa ne ke bi ta hannun ƙwayoyin tauraro, nawa ne ke shiga kai tsaye. Na so wannan gardamar, domin ta nuna mini mutanen da gaske suke yi. Amma akwai abin da ɓangarorin biyu ba su saɓa a kai ba, kuma shi ne ya shafi ajina.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Hanta na ajiye sukari a dunƙule, ana kiran ajiyar gilaikojin, kusan giram 100 a babban mutum. Tsoka ma na da nata. Ƙwaƙwalwa kuwa abin da take da shi ɗan ƙanƙane ne, kusan dukkansa a cikin ƙwayoyin tauraro, kuma in aka yanke mata abin da ke zuwa daga jini ba zai riƙe ta ba sai na ɗan lokaci kaɗan. Kamar 'yar tsaba ce da mace ke ɓoyewa a ƙasan tukunya saboda baƙon dare. Kuma 'yar ajiyar nan tana da hannu a karatu. A 2011 ɗakin binciken Cristina Alberini a Amurka ya gwada a kan ɓeraye: da aka hana ƙwayoyin tauraro fasa ajiyarsu su miƙa laktet, ɓerayen sun koyi abu amma bai zauna musu ba, washegari sun manta. Da aka ba su laktet ɗin, abin ya zauna. Ɓera ba yaro ba ne, na sani. Sai dai malamar da ta sha koyar da abu yau gobe ta tarar kamar an share allo ba za ta ji wannan labari ta wuce ba.

To yanzu ga inda na kuskure wa uwar yarinyar nan. Giram 120 ɗin nan da ƙwaƙwalwa ke ci a rana ya kai cokalin shayi 30 na sukari, kuma wanda ya ji haka zai ce ai sai a ɗura. Amma ƙwaƙwalwa ba ta karɓa a dunƙule. Kaɗan-kaɗan take ja, dare da rana, gwargwadon aikin da take yi da abin da ƙofofinta suka bari ya wuce. Akwai wata cuta ta gado da ba kasafai ake ganinta ba, wadda likita Darryl De Vivo ya fara bayyanawa a 1991: yara ne da ƙofar GLUT1 ɗinsu ba ta aiki sosai. Sukarin jininsu daidai yake, amma ƙwaƙwalwarsu na cikin yunwa, suna farfaɗiya, girman hankalinsu na jinkiri. Wannan ya nuna cewa cika jini da sukari ba shi ne ciyar da kai ba. Robar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce babban mutum ya sha a yini guda, har ta ce rabin haka ya fi. In yaro ya kwankwaɗe ta cikin minti biyu da cikin wofi, sukarin ya haura sama, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, ya kwashe rarar, kafin a fita tara yunwa ta dawo. Abin da ya rage masa shi ne ruɓewar haƙori da sabo da zaƙi. Shi kuwa gulukos ɗin da ƙwaƙwalwa ke nema, tuwo ma shi yake komawa a ciki, da gero, da acca, da dankali, da wake. Bambancin shi ne wake da gyaɗa da tsabar da ba a surfe ta tas ba suna sakin nasu a hankali. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗanwake, alale, ɗumamen tuwo da miyar kuka: abincin da kakanninmu suka saba karyawa da shi ya fi dacewa da yadda kai ke ci fiye da duk abin da ke cikin leda mai ƙyalli.

Kada in yi ƙari. Yaro mai ƙoshin lafiya da ya tsallake karin kumallo sau ɗaya ba zai faɗi ba. Hanta za ta fasa ajiyarta ta riƙe sukarin jini, shi ya sa mai lafiya ke azumin Ramadana ya yi aikinsa. In yunwa ta yi tsawo ma jiki kan juya kitse ya zama wani makamashi, kiton, ƙwaƙwalwa ta yi maneji da shi. Amma abu biyu ne suka raba yaran ajina da wannan babban mutum mai lafiya. Na farko, kan yaro ya fi na babba ci. Wani bincike da Christopher Kuzawa ya jagoranta a 2014 ya nuna cewa wajen shekara 5 ƙwaƙwalwar yaro na cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na duk ƙarfin da jikinsa ke kashewa a yini, alhali hantarsa ƙarama ce. Na biyu, ba duk yara ke da abin da za a fasa ba. A Jamaika, a 1989, Donald Simeon da Sally Grantham-McGregor sun gwada yara 'yan makaranta da karin kumallo da kuma babu shi. Masu ƙoshin abinci rashin karyawar bai taɓa su sosai ba. Waɗanda dama yunwa ta tsumburar da su, su ne ƙoƙarinsu ya faɗi a gwajin. A Najeriya kuwa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure, kuma Arewa ce ta fi yawa. Yaran da aka auna a wancan lokacin su ne suka cika mana azuzuwa a shekarun da suka biyo baya.

Saboda haka ra'ayina a fili yake: ciyar da yara a firamaren gwamnati wani ɓangare ne na koyarwa, kamar allo da alli, kuma ya kamata a ɗauke shi haka a kasafin kuɗi. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mai da shi naira 100. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi, saboda binciken yadda ake kashe kuɗi. Ban ce kada a yi bincike ba. Wanda ya ci kuɗin abincin yara a kama shi, a ƙwato, a hukunta shi a idon jama'a. Amma cikin yaro ba ya jiran rahoton kwamiti, kuma shekarar aji uku sau ɗaya yaro ke yin ta.

Na sha jin masu cewa ai wannan nauyin iyaye ne, wanda ya haifa shi ke ciyarwa. Gaskiya ne a addini da al'ada, kuma ban ɗauke wa kowane uba nauyinsa ba. Sai dai na shiga gidajen nan. Na ga uwar da ke raba mudu ɗaya ga baki takwas, ta zaɓi dare a kan safe don yara su samu barci. Ce mata nauyinta ne ba zai sa ƙosai a hannun 'yarta ba. Gwamnati kuma ta riga ta biya albashina, ta gina aji, ta buga littafi. Duk wannan kuɗi ana zuba shi ne a kan yaron da za a ce ya zauna awa biyar yana tunani. In an bar shi da yunwa, asarar ta gwamnati ce kafin ta zama ta uwar.

In za a ciyar, abu biyu nake roƙo. A ba da abincin da safe, kafin darasin farko ko bayansa kaɗan, domin lissafi da karatu a farkon yini muke yin su, kuma yaron da rabonsa da abinci tun jiya ba zai amfana da abin da ya zo ana shirin tashi ba kamar yadda zai amfana da na ƙarfe takwas. Sannan a ba da abinci na gaske. Kada wani ɗan kwangila ya kawo katon-katon na biskit da lemon kwali ya ce ya ciyar. Filato ba ta rasa abin dafawa ba. Dankalin Turawa na zuwa daga Bokkos da Mangu, acca na nan, masara na nan, kasuwar Farin Gada cike take da kabeji da karas da tumatir, gonakin kaji sun kewaye gari. Gwaten acca mai wake da ganye, da ƙwai ko sau biyu a mako, matan unguwa za su iya dafa shi, iyayen yara su sa ido a kan tukunya, kuɗin kuma ya koma aljihun manoman jihar. Naira 100 dai yanzu ko ƙwai ɗaya ba ta saye, dole a faɗi gaskiyar farashi.

Ina kuɗin zai fito? Ga wata ƙofa guda. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Ni ina ganin ya yi kaɗan, kuma ina ganin a ware abin da aka tara daga nan a rubuta a doka cewa na abincin 'yan firamare ne. Jihohi da ƙananan hukumomi ma kada su naɗe hannu suna jiran Abuja. Mu ma malamai da ƙungiyar iyaye akwai abin da ke hannunmu: mu daina barin teburin ƙofar makaranta ya zama na alawa da lemon leda zalla, mu ba mai koko da mai ɗanwake wuri, mu kuma gyara yadda muke yi wa iyaye bayani.

Na koma wurin mahaifiyar yarinyar ranar Asabar. Na same ta tana tace waken suya. Na ce, "Maman yara, ki gafarce ni, ban yi miki bayani daidai ba. Kuɗin lemon nan ki bar shi a jarinki. In akwai ragowar tuwo a ɗumama mata, in babu, ko awara uku ki ajiye mata daga ta yamma, da ɗan kunu." Ta dube ni ta ce, "Awara, Malama? Ai ita ce ba ma rasawa." Tun daga ranar yarinyar ke zuwa da 'yar roba mai murfi, takan ci a bakin ƙofa kafin a buga ƙararrawa, hannu na rawa don sanyi.

Ita ɗaya ce na bi har gida. Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya, kafin mu buɗe littafi, na ce duk wanda ya karya ya ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su kai rabin aji ba, kuma na san cikin waɗanda suka ɗaga akwai masu jin kunya.